Tarihin Madubin Saitin Bindiga da Abin da Yake Koya wa Mai Saye

Duk wanda ya taso a gidan maharba ya san cewa adaka ba ta da madubi. Maharbin gargajiya yakan bi sau, ya bi iska, ya lallaɓa har ya matso kusa da nama, sannan ya saki wuta, domin cikin bututun bindigarsa santsi gare shi, harsashi ba ya tafiya nesa a kan layi ɗaya. Madubin saiti kuwa abokin wata bindigar ce daban, wadda aka yi wa zane mai murɗewa a cikin bututu don harsashi ya fita yana juyi. A yau irin waɗannan madubai sun cika shagunan kayan farauta, kowanne da lambobi a jikinsa, mai saye kuma yakan nufi wanda lambarsa ta fi girma. Tarihin abin ya nuna cewa wannan kuskure ne.

Asalin labarin a wajen masu duban taurari yake. Wajen shekarar 1640, wani Baturen Ingila mai suna William Gascoigne ya tarar gizo-gizo ya ja zare a cikin madubinsa na hangen taurari. Zaren ya faɗa daidai inda hasken gilashi yake haɗuwa, sai ya ga zaren da abin da yake hange duk sun fito tar a lokaci guda. Daga nan aka samo layukan nan masu gicciye da ake gani a cikin kowane madubin saiti. Amfaninsu babba ne. Mai saiti da ƙarfe sai idonsa ya raba hankali uku: ƙarfen baya, ƙarfen gaba, da naman da ke can nesa, ido kuwa ba ya iya fayyace ukun tare. Zaren Gascoigne ya mayar da su abu ɗaya. Shi kansa bai daɗe ba, an kashe shi a yaƙin basasar Ingila a 1644.

Ɗora madubi a kan bindiga ya ɗauki lokaci. A 1776 wani mai zanen hotuna na Amurka, Charles Willson Peale, ya gwada haka tare da masanin taurari David Rittenhouse. Matsalar da suka haɗu da ita ita ce naushin bindiga: da an harba sai ta koma baya, madubin ya nufi idon mai harbi. Sai tsakanin 1835 da 1840 aka samu wanda ya yi aiki sosai, lokacin da injiniya John Chapman da maƙerin bindiga Morgan James na garin Utica a jihar New York suka haɗa hannu. A 1855 William Malcolm na Syracuse ya fara ƙera su don sayarwa. Maduban wancan zamani dogaye ne, wasu tsawonsu ya kusa na bututun bindigar, kuma duhu gare su, da rana ta yi ƙasa sai a daina ganin komai.

Duhun nan shi ne ciwon da ya fi daɗewa. Duk fuskar gilashi da haske ya ratsa takan mayar da kusan kashi 4 cikin 100 nasa baya. Madubi mai fuskoki goma ke nan yakan zubar da wajen sulusin haskensa kafin ya iso ido. A 1935, a masana'antar Zeiss da ke Jena a Jamus, Alexander Smakula ya gano hanyar shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke rage wannan asara. Jamusawa suka riƙe shi a matsayin sirrin soja na wasu shekaru. Ɗan launin shuɗi ko kore da kake gani yana walƙiya a gilashin madubi mai kyau, jikan wannan rufin ne.

Saura raɓa. A shekarun 1940 Marcus Leupold, mai kamfanin kayan awon ƙasa a Portland ta jihar Oregon, ya fita farautar barewa, madubinsa ya yi gumi daga ciki, naman ya tsere. Kamfaninsa ya fitar da madubinsa na farko a 1947, sannan a 1949 ya fara cire iskar cikin bututun yana cika shi da busasshiyar iskar nitirojin, a toshe. Kafin wannan, raɓa ta sa ƙwararru da yawa sun ƙi madubi. Simo Häyhä, shahararren maharbin ƙasar Finland a yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940, da saitin ƙarfe ya yi aikinsa, saboda gilashi yana yin hazo a cikin sanyi, yana walƙiya a rana, kuma yana tilasta wa mutum ɗaga kai.

In mai karatu ya duba jerin nan, zai ga cewa tsawon shekaru ɗari uku masu ƙira suna fama da abubuwa huɗu ne: zare, naushi, haske da raɓa. Kusanto da abu na nesa shi ne mafi sauƙin aikin, tun zamanin Malcolm an iya shi. Saboda haka mai saye ya fara tambayarsa daga waɗannan huɗun.

Lambobin jikin madubi suna da ma'ana. In an rubuta 4x32, ana nufin yana ninka girman abu sau 4, faɗin gilashin gaba kuma milimita 32 ne. Raba 32 da 4 ka sami 8, wato faɗin hasken da ke fitowa zuwa idonka ke nan a milimita. Ƙwayar idon mutum da almuru takan buɗe tsakanin milimita 5 zuwa 7, ya danganta da shekaru. Shi ya sa Jamusawa masu dakon gursunu da dare suka so 8x56, wanda yake ba da 7 daidai. Madubi mai 3-9x40, wanda ya fi yawa a hannun mafarauta, yana ba da sama da 13 a ninki 3, da kusan 4 da rabi a ninki 9. Amma wanda ya ninka sau 24 a kan gilashi mai milimita 40, haskensa bai kai milimita 2 ba. Da rana tsaka a filin gasar harbi, inda bindiga ke kan madogara kuma allon ba ya motsi, yana da amfani. Da asuba a cikin daji kuwa, lokacin da nama ke fitowa, duhu zai ba ka, ga ƙuncin fili, ga rawar hannunka da ya ninka ta sau 24. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wannan dalili ne ya sa masu bin ɓauna a yankunan farauta da ke kewaye da gandun Bénoué da Faro a arewacin Kamaru suke son madubi mai ƙaramin ninki, kamar 1.5 zuwa 5. A cikin doguwar ciyawa ɓauna tana iya tashi a taku ashirin, mai babban ninki kuwa baƙin gashi kawai zai gani ya cika masa ido, bai san kai ba ne ko cinya.

Darasin Peale ma yana nan. Madubin farauta ya kamata ya ba da cikakken hoto alhali tsakaninsa da ido akwai santimita 8 zuwa 10, in ba haka ba bindiga mai ƙarfi za ta tsaga wa mai ita gira. A duba maƙalan da ke riƙe shi a kan bindiga, domin madubi mai tsada a kan maƙali mai kwance banza ne. A tabbata a toshe yake, don ƙurar hunturu da laimar damina duk suna neman hanyar shiga. Bayan an ɗaura shi, sai a gwada a kan allo a tazarar mita 100, a daidaita, a sake harbawa har harsasai su riƙa taruwa wuri ɗaya, kafin a doshi mai rai da shi.

Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Madubi yana sa mutum ya ga nama a inda hannunsa bai isa ya same shi daidai ba, sai a harbi gada a ciki ko a ƙafa, ta shige ƙurmi ta mutu bayan kwana uku, ba ta amfani kowa ba. Tsofaffin maharba da ke lallaɓawa da adaka sun san iyakar bindigarsu, ba sa ƙetare ta. Mai madubi shi ma ya san tasa a kan allo, ya riƙe takardar izininsa, ya kiyaye watannin da hukuma ta rufe farauta don namun daji su hayayyafa, kamar 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba a Ghana.

Allah ya ba mai nema sa'a, ya dawo da shi gida lafiya.