Chaguaramas: Yadda Sansanin Sojan Ruwa Ya Zama Ma'ajiyar Jiragen Baƙi

A arewa maso yammacin tsibirin Tirinidad, daf da Port of Spain babban birnin ƙasar, akwai wani zirin ƙasa da ake kira Chaguaramas. Duk wanda ya je can tsakanin Yuni da Nuwamba zai tarar da ɗaruruwan jiragen ruwan shaƙatawa, irin waɗanda iska ke turawa, a jere bisa tudu, an tokare su da ƙarafa, an kwance musu ƙyallayen kama iska. Masu su suna can Kanada, Amurka, Ingila ko Jamus, suna jiran Disamba su hau jirgin sama su dawo, su yi wata uku ko huɗu suna zagaya tsibiran Karibiyan. Ajiye jirgi a ƙasa mai nisa al'ada ce ta baya-bayan nan, kuma tarihin wannan wuri yana nuna abubuwan da sai da suka haɗu kafin ta yiwu, da mutanen da aka tasa kafin a sami filin.

Labarin ya soma ne da Yaƙin Duniya na Biyu. A ranar 2 ga Satumba 1940, Birtaniya, wadda Jamus ta matsa wa lamba a teku, ta karɓi tsofaffin jiragen yaƙi 50 daga Amurka, ita kuma ta ba Amurka hayar filaye ta shekara 99 a wasu ƙasashen da take mulka. Chaguaramas na cikin filayen, domin tana da mashigin ruwa mai zurfi da duwatsu suka kare, ga ta kusa da matatun man Tirinidad. Ba a nemi yardar mazauna wurin ba. Masunta da manoman da ke ƙauyukan zirin aka tashe su, da yawa suka koma garin Carenage da ke maƙwabtaka, sojan ruwan Amurka suka gina madatsu, rumbuna da tituna.

Bayan yaƙi, wurin ya zama abin jayayya. Tarayyar Yammacin Indiya, wadda ta rayu daga 1958 zuwa 1962, ta so gina babban birninta a nan, Amurka ta ƙi sakin filin. Eric Williams, masanin tarihin da ke jagorantar gwamnatin Tirinidad, ya mai da batun gwajin 'yanci: ƙasar da ba ta da iko da gaɓarta, wane irin mulkin kai za ta yi? A ranar 22 ga Afrilu 1960 ya jagoranci dubban mutane cikin ruwan sama suka yi maci a Port of Spain. A 1961 aka sake yarjejeniya, aka rage wa'adin zuwa 1977. A 1972 gwamnati ta kafa hukumar raya Chaguaramas ta damƙa mata filin, kuma a nan aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar CARICOM ranar 4 ga Yuli 1973.

Yayin da ake wannan gwagwarmaya, jirgin shaƙatawa shi ma yana sauya kama. Jirgin katako ba ya jure rabuwa da mai shi. In aka bar shi a ruwa mai ɗumi, tsutsar ruwa ta cinye katakon. In aka ɗora shi a tudu, allunan su bushe su buɗe. Shi ya sa a da sai attajirin da ke iya biyan ma'aikata shekara zagaye ke ajiye jirgi nesa da gida. Daga ƙarshen shekarun 1950 masana'antu suka fara ƙera jirage da roba mai zaren gilashi, wadda ba ta ruɓewa, aka kuma samu injin da ke ɗaga jirgi daga ruwa da majanyu ya kai shi tudu cikin ɗan lokaci. Kuɗin jirgin sama ya sauka, na'urar GPS ta sauƙaƙa sanin hanya a teku. A 1986 Jimmy Cornell ya fara shirya ayarin jirage da ke tsallaka Atlantika duk Nuwamba daga Las Palmas, tafiyar da tun 1990 take ƙarewa a tsibirin Saint Lucia bayan mil 2,700 na teku. Da yawa daga waɗanda suka tsallako ba su da niyyar komawa da jirgin a shekarar. Sai tambaya ta taso: ina za a bar shi?

Amsar tana wajen guguwa da kamfanonin inshora. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Irin wannan guguwa tana buƙatar juyawar duniya ta murɗa iskarta, kuma murɗin yana raunana yayin da aka kusanci layin da ya raba duniya biyu. Chaguaramas tana tsakanin digiri 10 da 11 arewa da layin, kudu da hanyar da guguwar ta saba bi. A Satumba 1995 guguwar Luis ta nutsar ko ta jefar da ɗaruruwan jirage a Saint Martin, Marilyn ta biyo baya ta faɗa wa Saint Thomas cikin ƙasa da mako biyu. Kamfanonin inshora suka tsaurara sharaɗi: jirgin da ke arewa da kusan digiri 12 a waɗannan watanni, asarar guguwa a kan mai shi take. Layin da aka ja a ofisoshin inshora ya kwararo jirage zuwa Tirinidad.

Ƙasar kuma a shirye take. Masana'antar mai ta riga ta horar da masu walda, makanikai da masu aikin lantarki, faɗuwar farashin mai a 1986 ta bar da yawansu ba aiki, sakin darajar dalar Tirinidad a 1993 kuma ya sa aikinsu ya yi wa baƙo arha. Jirgin da aka bari yana buƙatar hannu kullum: a buɗe shi ya sha iska don kada fumfuna ta cinye ciki, a duba batura, a kankare gindinsa a sake fenti, teloli su gyara ƙyallaye. Mai jirgin da ke Toronto yana biyan mutumin da bai fi ya gan shi sau biyu a shekara ba, yana dogara da hotunan da ake turo masa. Amana ce jarin wannan sana'a.

Sai dai tushen kasuwar ba a hannun Tirinidad yake ba. A ranar 7 ga Satumba 2004 guguwar Ivan ta daki Girenada, wadda ake ɗauka tana wajen hatsari, ta tuntsurar da jirage a filayen ajiya. Wasu kamfanoni suka ƙara matsar da layinsu kudu, amma Girenada ta farfaɗo, ta koyi ɗaure jirage da ƙasa, ta zama babbar abokiyar gasa. Da annobar korona ta zo, Tirinidad ta rufe iyakokinta daga Maris 2020 zuwa Yuli 2021, masu jirage suka yi wata 16 suna biyan kuɗin ajiya ba su da hanyar zuwa. A ranar 1 ga Yuli 2024 Beryl ta ragargaza tsibirin Carriacou, jirage da dama suka sake gudowa kudu neman mafaka.

Filin da Williams ya yi maci a kansa yana hannun gwamnatin Tirinidad a yau, kuma kuɗin hayarsa da ladan aikin da ake yi a cikinsa suna shiga aljihun 'yan ƙasa, abin da hayar 1940 ba ta tanada ba. Amma ƙauyukan da aka tasa ba su dawo ba, kuma yawan aikin da mai walda zai samu a baɗi ya danganta ne da hanyar da guguwa ta bi bana da layin da kamfanin inshora zai ja bayanta.