Masu Gadin Zaure da Masu Gida: Yadda Yajin Aikin Admin Ya Samo Asali

Ranar 12 ga Yunin 2023, miliyoyin masu shiga dandalin Reddit suka wayi gari ƙofofi a rufe. Zauruka fiye da 7,000 ne masu kula da su suka kulle lokaci guda, don nuna fushi da wata sabuwar doka ta kamfanin. Waɗannan mutane ba ma'aikata ba ne, ko sisi ba a biyansu. Aikinsu ɗaya da na admin ɗin zauren WhatsApp na matasan Maikujera ko na manoman albasa a Goronyo: su shigar da mutum, su kori mai zagi, su goge ƙarya, su raba faɗa. Shi ya sa nake ganin labarin ya shafe mu, ko da Reddit ba dandalinmu ba ne.

Rikicin ya girmi Reddit. A shekarun 1990, kamfanin AOL na Amurka yana sayar da intanet da awa, sai ya ɗebi dubban mutane su tsare masa ɗakunan hira, ladansu shi ne su shiga kyauta. A lokacin wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai yawan hira kan kashe ɗaruruwan daloli a wata. A Disambar 1996 kamfanin ya koma kuɗin wata, dala 19.95 komai daɗewarka, ladan ya zama bai taka kara ya karya ba. Aikin kuwa yana nan yadda yake, da lokacin kama aiki da rahoton da ake miƙawa. A 1999 biyu daga cikinsu suka kai ƙara kotu a New York, suka ce tunda ana sa su aiki kamar ma'aikata, a biya su kamar ma'aikata. AOL ya soke tsarin a 2005, shari'ar kuma ta ja wajen shekara goma kafin a sasanta a kan dala miliyan 15.

Kamfanonin da suka biyo baya sun ɗauki darasi, amma ba wanda ya kamata ba. Suka daina ba da lada, suka daina sa lokacin aiki, suka ce wa kowa zauren naka ne, ka tafiyar da shi yadda ka ga dama. Reddit, wanda Steve Huffman da Alexis Ohanian suka kafa a 2005, a kan haka ya ginu. Noma ne a gonar aro: kai ke sharar daji da ban-ruwa, amma ranar da mai gona ya so abinsa ba sai ya shawarce ka ba.

An fara ganin haka a fili a Yulin 2015, lokacin da kamfanin ya sallami Victoria Taylor, ma'aikaciyar da ke haɗa masu kula da zauruka da manyan baƙin da ake gayyata su amsa tambayoyi. Ba wanda aka sanar. Zauruka suka rufe, cikin kwana takwas shugabar kamfanin, Ellen Pao, ta sauka, Huffman ya dawo kujerar. Daga nan admin suka gane cewa kulle zaure makami ne.

Na 2023 ya fi zafi, kuma sanadinsa kuɗi. A watan Afrilu Reddit ya ce duk wata manhajar waje da ke ɗibar bayanai daga rumbunsa za ta fara biya, yana mai cewa kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwasar hirarrakin mutane kyauta suna horar da na'urorinsu. Christian Selig, wanda ya ƙera manhajar Apollo, ya lissafa cewa sabon farashin zai ci masa kusan dala miliyan 20 a shekara. Da irin waɗannan manhajoji ne admin da yawa ke aikinsu, makafi ma da su suke karanta dandalin, saboda ta kamfanin ba ta yi musu. Aka shirya kulle na awa 48, wasu suka zarce. Huffman ya fito ya kwatanta su da masu gadon filaye da ba wanda ya zaɓe su, kamfanin kuma ya aike musu cewa wanda bai buɗe ba za a tuɓe shi a ɗora wani. Ɗaya bayan ɗaya suka buɗe. Apollo ta mutu ranar 30 ga Yuni.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ci mini rai. A Fabrairun 2024 aka ji Reddit ya ƙulla ciniki da Google na kusan dala miliyan 60 a shekara don amfani da waɗannan hirarraki, a Maris ya shiga kasuwar hannayen jari ta New York. Hirar da admin suka kwana suna tacewa ita ce hajar. A Satumban shekarar aka kawo doka cewa ba mai mayar da zaurensa na sirri sai ya nemi izinin kamfani, wato an karɓe makamin baki ɗaya. Ba ko'ina aka tashi a tutar babu ba: masu kula da Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke tambayar juna, sun yi nasu yajin a Yunin 2023 saboda an ɗaure musu hannu wajen goge amsoshin na'ura, kuma a Agusta kamfanin ya sassauta.

A gabashin Sakkwato nauyin ya wuce haka. Da tsakar dare wani ya turo saƙon murya yana haki, wai an ga babura sun nufo gari. Admin ne zai tashi, cajinsa ya kusa ƙarewa, ya kira wani a can ya ji ko gaskiya ne. In ƙarya ce ya goge, ya mayar da zauren sai admin kaɗai ke turo saƙo har gari ya waye, da safe kuma ya sha ƙorafin wanda aka goge wa magana: "Haba malam, zauren na gidanku ne?" In gaskiya ce kuwa, minti biyar na jinkirinsa na iya zama ran wani. Da datarsa yake wannan, kuma ikon goge saƙon wani ma sai a 2022 WhatsApp ya ba shi.

Irin wannan admin ba zai iya yajin aiki ba. In ya kulle zaure, ba kamfani zai ji a jikinsa ba, maƙwabcinsa ne. Mabuɗin ma ba a hannu ɗaya yake ba: a Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo, don yaƙi da 'yan bindiga, zaurukan suka yi tsit. Da WhatsApp ya sauya dokar bayanan sirri a farkon 2021, hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ce ta ja da shi, ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Da tara ta taru daga hukumomi uku, Meta ya shaida wa kotu a Abuja a 2025 cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. A duk wannan ja-in-ja, daga kamfanin har hukuma, ba wanda ya nemi jin ta bakin masu tsare zaurukan.