Shahon tuddan Birtaniya: dalilin raguwarsa da wanda alhakin kare shi ke kansa

Hen hariya, wanda Faransawa ke kira busard Saint-Martin, wani nau'in shaho ne da ke sheƙa a ƙasa, cikin gajerun tsirrai na tuddai marasa itatuwa a arewacin Ingila da Sikotland. Namijin toka-toka ne, macen kuma ruwan ƙasa. Abincinsa ɓeraye ne da ƙananan tsuntsaye. Ɗan uwansa na kusa, busard cendré, shi ne ke zuwa Sahel da kaka yana cin fara.

Tushen rikicin

A kan waɗannan tuddai ake harbin girawus, tsuntsu mai kama da makwarwa, daga ranar 12 ga Agusta kowace shekara. Mafarauta na biyan kuɗi masu yawa, don haka masu filaye ke ɗaukar masu gadi su tabbatar girawus ya yi yawa. Shahon kuwa yana ɗauke 'ya'yan girawus. Wani bincike da aka yi a Langholm ta Sikotland daga 1992 ya nuna cewa da shahon ya ƙaru, girawus ya ragu har aka daina harbi a wurin. Wannan ne ke sa wasu masu gadi su harbe shahon, ko su ɗana masa tarko, ko su lalata sheƙarsa.

Girman asarar

Doka ta haramta kashe shi tun 1954, dokar 1981 kuma ta ƙara jaddada haka. Masana sun ƙiyasta cewa Ingila na da wurin da zai ɗauki ma'aurata fiye da 300, amma a 2013 ko ɗa guda bai tashi daga sheƙa ba. Binciken da mujallar Nature Communications ta buga a 2019 ya bi sawun tsuntsaye 58 da aka maƙala wa na'urar tauraron ɗan'adam, ya gano cewa kashi 72 cikin ɗari an kashe su, ko kuma sun ɓace ta hanyar da ke nuna kisa. Hukunci na da wuya domin laifin yana faruwa a wurin da babu shaida.

Hanyoyin gwamnatoci biyu

A Ingila, gwamnati ta fitar da shirin farfaɗo da shahon a 2016. Cikinsa har da kwashe 'ya'ya daga filayen farauta a rene su a keji, a sake su daga baya. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta ƙi amincewa, tana cewa kisan ya kamata a fara tsayarwa. A shekarar ne mutane fiye da 120,000 suka sa hannu kan buƙatar hana irin wannan farauta. Majalisa ta yi muhawara, doka ba ta canja ba. A 2023 'ya'ya 141 suka tashi a Ingila, sai dai masu na'ura sun ci gaba da ɓacewa.

Sikotland ta ɗora alhakin kan mai fili. Dokar 2011 ta ba da damar gurfanar da shi kan laifin ma'aikacinsa. A Maris 2024 majalisarta ta wajabta lasisin harbin girawus, wanda za a iya dakatarwa ko ƙwacewa idan an sami hujjar kashe tsuntsaye masu kariya a filin. RSPB na neman Ingila ta kafa irin wannan lasisi, ƙungiyoyin masu filaye kuwa na cewa zai taɓa ayyukan yi a karkara.