Tsakanin Toyi da Ƙuna: Tarihin Aikatau Biyu a Kudancin Sakkwato

Idan kaka ta wuce, hunturu ya kama, ciyawa ta bushe a dazuzzukan Kebbe, mutumin Fakku da ya hango hayaƙi ya turnuƙe ba zai ce ana ƙona daji ba. Cewa zai yi ana toyi. In kuwa wutar ta ƙwace ta ci rumbun wani, sai a ce rumbun ya toye. Bakano da ya ji wannan magana yakan yi murmushi, domin a wurinsa waina da ƙosai ake toyawa, rumbu kuwa ƙonewa yake yi. To, wannan ɗan bambanci yana da tarihi a bayansa.

A Sakkwatanci aikatau “toya” yana da faɗi ƙwarai. Yana ɗaukar abin da wuta ta yi wa abinci a kasko, yana kuma ɗaukar abin da ta yi wa daji da gida da fatar mutum. A Kananci ma’anarsa ta tsuke ta koma madafa, sai “ƙona” ya gaji sauran aikin. Da aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Rupert East, aka kuma fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sai karin Kano ya zama ginshiƙin rubutu. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta daɗa ƙarfafa wannan. Tun daga nan yaron Fakku ko na Tambuwal, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, yake furta “toye” a gida, ya rubuta “ƙone” a makaranta. Ba a ce masa kalmar kakansa kuskure ce ba, amma jan alƙalamin malami ya isa bayani.

Shi kansa “ƙona” ba siffa ɗaya gare shi ba. Wanda ya ƙona abu da niyya ya yi, kamar yadda karin magana ya nuna, cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada. “Ƙone” kuwa ƙarewa yake nufi, watau wutar ba ta bar kome ba. Ita fitila ba ta ƙonewa sai in ta lalace, ci take yi, kuma nan ne ɗalibai sukan yi tuntuɓe wajen fassara daga Turanci, inda aikatau guda yake ɗaukar dukkan waɗannan.

Ma’anar “ƙone” ba ta taɓa fitowa fili a ƙasar Sakkwato kamar yadda ta fito a Satiru ba, wani ƙauye da yake kudu da birnin. Ran 14 ga Fabrairu 1906 mutanen garin, waɗanda suka bi kiran Mahadiyanci, suka fatattaki rundunar Turawa da gatura da fartanya da kibau, suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, tare da sojoji da dama. Wannan ya faru shekara uku kacal bayan cin Sakkwato, saboda haka Lugga ya ga in bai yi maza ba ƙasar duka za ta tashi. Ran 10 ga Maris aka komo da bindigogi masu jigida. Aka kashe mutum kimanin 2,000, aka kwashe mata da yara, aka cinna wa garin wuta. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la’anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Yaƙe-yaƙen da suka gabata ma sun ga cinna wuta a garuruwa, amma bisa al’ada mutane sukan komo bayan damina su sake yin jinka. Satiru kam kufai ta zama.

Daga wannan tushe ne aka sami “ƙuna”, wadda ta bar fata ta shiga zuciya. Ana cewa ƙunar rana, ana cewa ƙunar rai, ana cewa magana ta yi wa mutum ƙuna. Amma wadda tarihi ya fi juyawa ita ce ƙunar baƙin wake. Labarin da ake bayarwa shi ne, wani mutum ne mai suna Baƙin Wake wanda ɗan sarki ya matsa masa lamba, har ya rungume shi suka faɗa wuta tare. Shekaru aru-aru maganar tana nufin mutumin da tura ta kai shi bango, ya yarda ya halaka muddin azzaluminsa zai halaka. Akwai ɗan tausayi a cikinta, har ma da yabo a ɓoye.

’Yan jarida da gidajen rediyo suka ɗauke ta domin fassara hare-haren da ake kaiwa a Gabas ta Tsakiya, a lokacin da abin yake labarin nesa. Sa’an nan ran 16 ga Yuni 2011 bam ya tashi a hedkwatar ’yan sanda a Abuja, ran 26 ga Agusta kuma aka kai wa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya hari da mota. Daga wannan shekara kalmar ta zama ta yau da kullum a labaran gida. Sai dai fassarar ta zo da aibi, domin Baƙin Wake wanda ya zalunce shi ya riƙe, shi kuwa mai ɗaure bam a kasuwa ko masallaci bai san ko sunan waɗanda zai kashe ba. Tsohuwar ma’anar ta ja baya ƙwarai, har dattijon da ya ce wa ɗansa kada ya yi ƙunar baƙin wake a kan rigimar gona sai ya tsaya ya yi wa jikokinsa bayanin abin da yake nufi.