Daga Madras zuwa azuzuwan yaranmu: tarihin monita da karatun ɗalibai a tsakaninsu



Duk wanda ya yi firamare a cikinmu ya san monita, yaron da ke ɗauko alli ya kuma rubuta sunan masu surutu. Amma a can baya aikin monita koyarwa ne, kuma tarihinsa na da darasi a gare mu iyaye, musamman yanzu da yaranmu ke shirin WAEC da NECO da JAMB a azuzuwan da suka cika maƙil.

Labarin ya faro ne a Indiya. A 1789 aka naɗa wani limamin coci ɗan Sikotlan, Andrew Bell, shugaban gidan marayu maza a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai. Yaran 'ya'yan sojoji ne, malamai kuwa kaɗan ne, karatun ma ba ya tafiya. Sai Bell ya lura da yadda yaran gari ke koyon baƙaƙe a makarantunsu na gargajiya, suna rubutu da yatsa a kan yashi. Ya so a yi haka a makarantarsa, malamai suka yi masa taurin kai. Shi kuwa ya ɗauko wani yaro ɗan shekara takwas, John Frisken, ya ba shi ajin masu koyon baƙi. Yaron ya yi abin da manya suka ce ba zai yiwu ba. Daga nan Bell ya raba ɗaliban, waɗanda suka yi gaba suna jan na baya. Da ya koma Ingila ya wallafa bayanin wannan gwaji a 1797.

A 1798 kuma wani matashi ɗan shekara 20, Joseph Lancaster, ya buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a unguwar Southwark ta Landan. Ba shi da kuɗin ɗaukar malamai, don haka ya bi irin wannan hanya. Malami ya koyar da manyan yara, kowannensu ya je ya koyar da rukunin yara kamar goma. Waɗannan manyan yara su ne monitoci. Lancaster ya yi iƙirarin cewa da haka malami ɗaya zai riƙe yara dubu. Zancen ya kai fada, har Sarki George na Uku ya gana da shi a 1805 ya ba shi tallafi.

Ba a daɗe ba aka fara takaddama kan wanda ya riga ƙirƙiro tsarin, addini kuma ya shigo ciki. Cocin Ingila ya kafa ƙungiyar makarantunsa a 1811 bisa tsarin Bell, waɗanda ba sa bin cocin suka tsaya bayan Lancaster. Gasar ta sa aka buɗe makarantu masu yawa, tsarin ya ƙetara zuwa Amurka da sauran ƙasashe. Lancaster da kansa ya je Karakas bisa gayyatar Simon Bolivar. Ya rasu a New York a 1838, shekara shida bayan rasuwar Bell.

To, me ya kashe tsarin da ya yi irin wannan tashe? Abu uku ne. Na farko, monita yaro ne da ke maimaita abin da aka faɗa masa ɗazu, idan aka tambaye shi dalili ba shi da amsa, karatu ya koma hadda zalla. Na biyu, hukumomi sun rungumi tsarin don arha, suka mayar da yara madadin malami. Na uku, tsoro ya yi yawa, domin a makarantar Lancaster har rataya wa yaro gungume a wuya ake yi don a kunyata shi. A 1846 gwamnatin Ingila ta kawo sabon tsari, inda ake ɗaukar yaro daga shekara 13 ya yi shekara biyar yana koyon aikin malanta a ƙarƙashin ƙwararre, ana biyansa, ana jarraba shi. Sannu a hankali koyarwar monita ta gushe, sunan ya saura.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya gardi ne ke biya wa kolo da titibiri allo, masu hadda kuma su zauna bibbiyu, wannan na karantawa wancan na saurare yana gyara. Bambancin shi ne alaramma na nan kusa, ba a wanke allo sai an tabbatar karatu ya zauna.

Abin da muka fahimta daga wannan tarihi shi ne, yaro na ƙaruwa da ɗan uwansa matuƙar akwai malami a bayansu. Don haka muna kira ga iyaye a unguwanninmu, ko a Agege ne ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, mu taimaka wa yara su haɗa ƙananan rukunonin bita. Kada su wuce huɗu ko biyar. Kowa ya fara gwada tambayoyin shi kaɗai kafin a zauna. Bayani ya riƙa zagayawa, yau wannan gobe wancan, don kada mutum ɗaya ya zama monitan dindindin saura su zama 'yan kallo. Wanda ya ba da amsa a tambaye shi yadda ya same ta. Abin da ya gagare su duka su rubuta su kai wa malami washegari. Kuma a hana yi wa wanda ya yi kuskure dariya, domin yaron da aka kunyata sau ɗaya ba ya sake tambaya.

Abin da ake nema daga gare mu bai wuce zaure ko baranda da fitila ba, da babban da zai riƙa leƙawa, sai kuma ɗaga wa yaro ƙafa daga shago ko talla na awa biyu. 'Yan mata ma a ware musu nasu wurin.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.

Sakatare