Masai Ujiri: daga Zariya zuwa kofin NBA

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, a can kuma ya fara buga ƙwallon kwando. Bayan karatu a Amurka, ya shafe shekara shida yana buga wa ƙungiyoyin Turai wasa, ciki har da na Ingila da Beljiyam da Jamus, ba tare da ya yi fice ba. A 2002 ya koma zaƙulo wa Orlando Magic 'yan wasa, ba ko albashi. A 2013 ya karɓi ragamar Toronto Raptors, ya ɗauko ɗan Kamaru Pascal Siakam a 2016, suka ci kofin NBA a 2019.