Mamman Shata da Matsalar Adana Waƙar Baka: Nazarin Kwatance da Georges Bizet

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda sunan Mamman Shata ya ɗore bayan rasuwarsa, ta hanyar kwatanta shi da mai tsara kiɗan nan na Faransa, Georges Bizet. Hujjarta ita ce, rubuta kalmomin waƙoƙin Shata kaɗai bai isa a kira shi adanawa ba.

Rayuwa da shahara

An haifi Shata a Musawa a 1923. Ya yi tallan goro da alewa kafin ya rungumi waƙa, duk da ƙin amincewar mahaifinsa. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura. Ya ga darajarsa da idonsa: Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirin dakta a kansa a Jami'ar Indiana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Bizet bai samu wannan ba. An fara nuna wasan waƙarsa, Carmen, a Paris ranar 3 ga Maris, 1875, jama'a suka karɓe shi da sanyin jiki, shi kuwa ya rasu bayan wata uku yana ɗan shekara 36.

Takarda da murya

Abin da ya rayar da Carmen shi ne rubutaccen kiɗa, wanda duk ƙungiyar makaɗan da ta iya karatunsa za ta tayar da shi. Ko can ɗin ma an taɓa aikin, domin wani mai tsara kiɗa, Ernest Guiraud, ya mayar da maganganun wasan rerawa don nunin Vienna a shekarar da Bizet ya rasu.

Lamarin Shata daban ne. Gindin waƙa, wanda 'yan amshi ke maimaitawa, shi ne tsayayye. Ɗiyan waƙa kuwa a fage yake zuba su, ya ƙara, ya rage, gwargwadon wanda ke zaune da abin da aka yi masa. Don haka waƙarsa Bakandamiya da ya rera a wani biki da wadda aka naɗa a gidan rediyo ayyuka biyu ne, kowanne da ranarsa. Ga kuma kalangu, kiɗan mahauta tun asali: makaɗi na matse shi a hammata ya saki, sautin ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa. Takarda ba ta ɗaukar wannan, kuma a ganina rabin ma'anar waƙar a nan take.

Shata a Ungogo

A garuruwan Ungogo, irin su Fanisau da Rangaza, rediyo da kaset ne suka kai Shata gona da majalisa. Yau waya ta gaje su. Mai shagon caji na tura wa manomi waƙoƙi a memori, sunan kowacce bai wuce kalma biyu ba, babu shekara, babu wuri, wani lokaci ma an yanke farkonta inda sanƙira ke ambaton masu biki. Waƙar ta yaɗu fiye da dā, amma bayaninta na zubewa a hanya.

Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin littafin Shata Ikon Allah!, na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa (2006), ya tsare mana tarihin mutumin, saura tarihin kowane naɗi. Aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'inmu shi ne bin faya-fayan Rediyon Kaduna da na Kano ɗaya bayan ɗaya, tare da dattawan da suka halarci wasannin, a tantance ranar kowanne da wurinsa da makaɗan da suka riƙa masa kalangu.